Zoɓo a Kwalbar Tsoho

Shekarun da na yi ina aikin kula da tsofaffi a New York, ban ji komai a raina ba. In wanke mutum, in ba shi magani, in hau jirgin ƙasa in koma Bronx in kwanta. A cikinsu mahaifina ya rasu a Kumasi. Aka gaya mini ta waya ina tsaye a kicin ɗin mutane, na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da yanka albasa.

Kicin ɗin na wani tsoho ne ɗan Ajantina da ke zaune a Queens. Ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya, har sunan 'yarsa yana ɓace masa, amma giyar garinsu tana nan daram a kansa. Jar giyar inabi ce mai duhu, Malbek suke ce mata. Tun ranar farko na gaya wa 'yar cewa ni Musulma ce, in dafa in wanke, amma hannuna ba zai taɓa kwalbar nan ba. Ita ke zuba masa in ta dawo daga aiki.

Surutun kuwa ni nake sha, kullum labari ɗaya. Wai a can garinsu Mendoza ake noman inabinta, a gindin manyan duwatsu, busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, ruwan sama kaɗan. Ƙanƙarar kan dutse ke narkewa, a janyo ruwan ta lambatu zuwa gonaki. Rana ƙuna, dare sanyi, shi ya sa fatar inabin take da kauri. Wai mai shanta da kifi mahaukaci ne, sai da gasasshen naman sa mai kitse ko tsohon cuku, don ita tana kama harshe, kitsen ya sake shi. Nakan ce to, Baba, na ji.

Da likita ya canza masa magani ya hana giyar, sai tsoho ya daina cin abinci. Ba faɗa ba hayaniya, kawai ya duba gefen faranti, ya ga babu kofinsa, ya ture. Aka gwada lemon inabi na kanti, ya ce kayan yara ne. Wandonsa ya fara zamewa. 'Yar ta ce in haka ta ci gaba dole a kai shi gidan tsofaffi a sa masa robar abinci, ta kuma san ba zai daɗe a can ba.

Ba tausayi ne ya kai ni ba, gaskiya, gajiya ce da zubar da nama. Na biya titi na 116 wajen 'yan Sanagal na sayo zoɓo, na dafa shi da kauri, babu sukari, na jefa kanumfari kaɗan. 'Yar ta wanke tsohuwar kwalba na ɗura. Ya kaɗa kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya ce bana an yi ƙarancin ruwa a gonar. Sannan ya jawo faranti. Haka muka yi fiye da shekara, yana cin namansa yana yi mini lacca a kan zoɓona.

Da jikinsa ya yi tsanani, likita ya ce a ba shi duk abin da yake so. 'Yar ta ɗauko wata kwalba da uban ya taho da ita daga ƙauyensu yana ajiya tun tana yarinya. Ta gasa nama da kanta, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta zuba masa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ture farantin.

“Wannan ba ta garinmu ba ce,” in ji shi.

Ta rantse masa, ta nuna masa rubutun jikin kwalbar, ya ƙi kallo. Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ni ina tsaye ina jiran in ji wani abu, ban ji ba. Na buɗe firji na zubo zoɓon jiya na ajiye masa.

Ya kurɓa ya lumshe ido. “Yauwa,” ya ce wa 'yar. “Kin ji ƙanshin ƙasar babana?”

Ya jawo farantin. Na koma kicin in wanke tukunya, na buɗe famfo, na daɗe a tsaye ban sa hannu ba.