Tuba da ɗan taguwa

Har yau ranar da na hura wa taguwa, wato raƙuma, tuba a Gure ba ta fita raina ba. Cikin shekarun saba'in ne, ina kaporal a fanfar ɗin soja, wato masu kiɗan fareti. An ɗebo mu a kamiyo, babbar motar soja, daga Damagaram don bikin ranar jamhuriya, cikin watan Disamba.

Ga wanda bai san tuba ba, ita ce ƙaton ƙahon tagullar nan da ake rungumewa kamar tulu. Tana da piston, maɓallan da ake dannawa murya ta sauya. A waƙar da za mu yi akwai wurin da ake so tuba ta zame daga ƙasa zuwa sama da sauri, ba yankewa. Shugabanmu, Ajidan Isufu, yana ce da shi gilisando, mu kuwa sulɓi muke cewa. Ni dai ya gagare ni. Duk na hura sai muryar ta hau daki-daki, har Ajidan ya gaji ya ce, "Kaporal Habu, tafi bayan gari ka yi ta ɓarnarka can."

Na saɓa abata na gangara wani kwari mai dabinai. Ina cikin fama sai ga wani dattijo da sanda yana haki, ya ce sunansa Kyari. Ya dube ni, ya leƙa bakin tubar, sai jikinsa ya yi sanyi.

"Samari, ashe kai ne? Na zaci taguwata ce."

"Ɓata ta yi, Baba?"

Ya ce tun jiya ta bi garken wasu baƙi daga rijiya. Ɗanta yana ɗaure a gida, don al'adarsu ce a ɗaure ɗan, uwar ta dawo da kanta in ta ji kukansa. To yunwa ta cinye muryar ɗan, ko bayan shinge ba ta kaiwa. Fari ya kwashe masa dabbobi, taguwar nan kaɗai ta rage, in kuma ɗan ya mutu nononta zai ƙafe. Ya shafa tagullar, sannan ya ce, "Tunda abin nan ya ruɗe ni, ba zai ruɗe ta ba?"

Dariya ta so kama ni, amma wallahi ni ma ina son in gani. Ya je gida ya ɗauko ɗan a kan jaki don in kwaikwayi kukansa, muka hau tudun rairayi. Na durƙusa na kasa kunne ga bakinsa. Kukan daga ciki yake tasowa, ya miƙe sama a shaƙe, ya faɗo, ba gaɓa ko ɗaya. Na hura, Baba Kyari ya girgiza kai.

"Wannan kukan bijimi ne. Shaƙe ta kaɗan."

Don in shaƙe ta sai na danna piston rabi kawai, na saki leɓe. Muryar ta sulale sama sumul, har tsigar jikina ta tashi. Ɗan taguwar ya ɗaga kai yana dubana.

"Yauwa! Ita ke nan, kar ka tsaya!"

Na yi ta hurawa har leɓena ya kumbura, la'asar ta yi sanyi, na soma jin kunyar dattijon. Can sai muka ji amsa daga gabas, mai kauri. Taguwar ta ɓullo bisa tudu a guje, nono na zuba, ta wuce ni ko kallo, ta duƙar da wuya kan ɗanta. Baba Kyari ya zauna daɓas a rairayi yana hamdala, ni ma idona ya cika.

Ko tubar ce ta kira ta, ko nonon da ya cika mata ne ya koro ta gida, har yau ina tambayar kaina. Ranar fareti dai na yi sulɓin a gaban kumandan, Ajidan ya waiwayo baki buɗe. Da muka tashi ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce, "Wani jinjiri ne, mon ajidan."

Shi ya sa nake ce muku, ku sababbin shiga fanfar, aikinmu kunne ne kafin baki. Shekara uku ina hura tuba don a ji ni, sai ranar nan na hura don a zo.