Sa'idu Mai-hoto da Gonar Silima

Yau shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar taubashina Sa'idu Mai-hoto, Allah ya jiƙansa. Shi ne mai ilimin. Ni aji biyu na yi a makarantar lakwal, mushe malaminmu ya kore ni don na ɗaure akuya a kujerarsa. Amma da Sa'idu ya tashi yin fim, wurin wannan jahilin ya zo.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Wani Bature malamin makaranta a Tawa ya ara masa na'urar ɗaukar silima, irin wadda ake murɗawa da hannu kamar agogo, ya ce bayan kwana goma zai koma ƙasarsu da abinsa. Labarin fim ɗin na makiyayi ne da saniyarsa ta ɓace. Har Sa'idu ya samu wasu Fulani sun yarda su fito da shanunsu. Wurin ɗauka ne babu.

Sau uku muna zuwa biro, ofishin gwamnati, neman izinin ɗauka. Akawu ya ce sai takarda ta zo daga Yamai, wataƙila wata biyu, wataƙila uku. Ya ƙara da cewa duk wanda jandarma, ɗan sandan gwamnati, ya gani da na'ura a kasuwa, ko hanya, ko bakin rijiyar gwamnati, za a ƙwace. Kayan aro ne fa. Muka fito, da muka kai inuwa Sa'idu ya juyo gare ni.

"Gajere, kai da ka san kowane lungu na Adar saboda yawon banza, ka samo mini wuri. Fim wanga sai na yi shi."

"Ashe yawon banza na da rana," na ce.

Kaka ce, an gama yankan hatsi. A lokacin nan manomi roƙon makiyaya yake su sauka a gonarsa, dabbobi su ci kara su zuba masa taki, har fura yake kai musu. Ban taɓa jin an nemi takarda kan wannan ba. Na hau jaki sai Bambeye, wurin wani tsoho, Baba Nomau, mai gona a gindin dutse wadda ta gaji da haihuwa. Na ce ina da shanu arba'in masu neman masauki na mako guda, sai dai akwai wani mai akwati tare da su.

"Akwatin na cin kara?" ya tambaya.

"Ba ya ci, Baba."

"To mi ya dame ni? Ku taho."

Ni na so a tsaya nan. Sa'idu ya ƙi. Ya zauna ya bayyana wa tsohon komai, har ya sa shi ya leƙa ta idon na'urar. Ya ce ba zai kafa ta a ƙasar mutum ba sai mai ƙasar ya san abin da ya yarda da shi.

Rana ta huɗu jandarma ya iso a kan doki. Ni dai na samu saniya mai faɗi na tsaya bayanta. Sa'idu bai daina ɗauka ba. Baba Nomau ya tari mutumin da sandarsa.

"Yaro, gonata ce, baƙina ne, taki suka zuba mini. In gomnati ta hana, sai ka ce mata ta zo ta zuba da kanta."

Jandarman ɗan manomi ne. Ya dubi gonar, ya dubi tsohon, ya sha fura ya juya. Muka mayar da na'ura saura kwana biyu.

Sau ɗaya aka nuna fim ɗin, a jikin farin zane. Baba Nomau bai kalli kowa a ciki ba, ƙasar da ke ƙarƙashin shanun yake dubawa yana gyaɗa kai.

Yau kowa da waya, a ɗauke ka kana atishawa ba sallama. Da Sa'idu na nan, na san zai yi murna da arahar abin, ya kuma yi faɗa kan rashin tambayar. Bai yi suna ba, bai sake yin wani fim ba. Amma a Bambeye har gobe Gonar Silima ake ce wa wurin, kuma gwangwanin fim ɗin na ƙarƙashin gadona.

Na sa a raina sai an sake nuna shi a gonar nan kafin in bi Sa'idu. Gwiwa ta ƙi, amma makon jiya na je wurin jikan Baba Nomau neman izini, yadda marigayin zai so. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji, Kaka. Shanu nawa za ka kawo?"