Ramalan Mai Hoto da Shanun da Suka Zama Hayaƙi

Ranar Laraba, goma ga Satumba, 2025, ina shagona a Kibiya aka bugo min waya daga Rano cewa Allah Ya yi wa Malam Ramalan mai hoto rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muka zo, kuma can ne makomarmu. Na rufe shago na zauna a bakin ƙofa.

Malam, tare muka tsufa a sana'ar nan, muna ƙwace wa juna bukukuwa, muna kuma cin tuwo a kwano ɗaya. Don haka na san baƙin cikin da ka shiga sa'ad da rawar hannu ta kama ka. Duk hoton da ka ɗauka sai ya fito dishi-dishi, masu biki suka daina nemanka, har ka turo min kyamararka in nemo mai saye. Na ƙi, domin na san in ta tafi, kai ma ka gama.

'Yarka Afra'u ce ta kawo maka ɗan rimot daga Kano, mai ƙirga lokaci da kansa. Sai ka kafa kyamara a kan ƙafafunta na ƙarfe, ka saita shi, ka ja da baya ka harɗe hannuwa. Shi zai ɗauki wuri ɗaya sau uku: a na farko idon kyamara ya buɗe ya rufe nan take, a na biyu ya ɗan jima, a na uku ya daɗe yana shan haske. Daga baya ku haɗa su a kwamfuta, duhu da haske kowa ya sami wurinsa. Na tsokane ka cewa ka koma mai gadin kyamara, ka ce ai gadinta ya fi tallarta.

Da haka ka shiga ɗaukar duwatsun Rurum Tsohon Gari da yammaci. Ba na manta ranar da wani makiyayi mai suna Bello ya ratsa gabanka da garkensa, sannan ya roƙi a nuna masa hoton da aka ɗauka. Ka nuna masa na ukun: duwatsu tar, amma shanu, da yake tafiya suke, sun zama kamar hayaƙi. Bello ya ɓata rai, ya ɗauka wani abu ka yi wa dukiyarsa.

"Malam, ina shanuna?" in ji shi.

Ni dariya ta ƙwace min, kai ko murmushi ba ka yi ba. Ka buɗe masa na farkon, ga su nan har ƙahoninsu, ya yi ta kiran kowace da sunanta. Ka wanke hoton, ka kai masa har ruga da wannan hannun mai rawa. Bello na cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Abin da ya dame ka a gadon jinya shi ne aikin duwatsun bai ƙare ba, kana tsoron a binne shi tare da kai. To, a zaman makoki Afra'u ta sa aka kira ni zaure, idanunta jawur, ta ce, "Baba Uzairu, saura ɓangaren gabas. In an share makoki ka raka ni."

Zan raka ta, Malam, ka kwanta lafiya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Sadiya, da Afra'u da ƙannenta, da masu hoto na Rano da Kibiya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya albarkaci bayanka.