Tukunyar Gidan Tuckwell

Duk wanda ya taɓa zama a Burrawilla, ko da na mako ɗaya ne, ya san warin tukunyar Merv Tuckwell kafin ya san Merv ɗin kansa. Kowace Litinin da Alhamis da hantsi warin yake tashi daga bayan gidan, ya tsallake katangar kwano, ya bi layi har bakin gidan waya. Naman shanu ne a ciki, mai kyau ba na yarwa ba, da kabewa, da karas, da busasshen burodi, da kifin gwangwani, sai wani abu guda da Merv yake kira sirrin mahaifinsa. Sirrin nan zuma ce cokali biyu. Kaf garin babu wanda bai sani ba, domin Merv da bakinsa yake faɗa in ya kai kwalba ta uku a mashaya, gari ya waye kuma ya ci gaba da ɓoyewa.

Abincin karnukan tsere ne. Merv ya yi aikin gyaran layin dogo har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa, karnuka zai ce maka. Shekara talatin da takwas yana kiwon dogayen karnukan nan masu shafaffen ciki da siraran ƙafafu, kowace Asabar yana kai su fili su bi zomon roba. A cikin shekarun nan bai taɓa cin Kofin Burrawilla ba. Ya zo na biyu sau biyu, kuma yadda yake ba da labarin sai ka ɗauka sau biyun aka yi masa fashi. Laifin kullum yana da mai shi: ko akwatin da ake sakin karnuka daga ciki ne bai yi ba, ko yashin fili ya yi laushi, ko iska ta juya, ko mai jan zomo ya sha giya. Tukunya dai ba ta taɓa yin laifi ba.

Yana da doka ɗaya da yake karanta wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi: ba a sauya wa kare abinci farat ɗaya. Cikin karen tsere, in ji shi, ya fi na jariri saurin ɓaci. In za ka sauya, sai ka yi kwana goma kana haɗawa, yau kaɗan, gobe ka ƙara, har cikin ya saba. Kuma gaskiya ce, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai shi Merv bai taɓa sauya komai ba, a kwana goma ko a shekara goma. Abincin buhun nan da kowa ya koma saye, busassun ƙwayoyi da ake aunawa da kofi, kashin awaki yake kiransa, masu ba da shi kuma ragwaye.

Mai ragwanci ko mara ragwanci, ba Merv ke dafa tukunyar ba. Matarsa Noeleen ce take yanka, ta fere, ta juya da wani katako mai tsawon hannu, shi kuma yana tsaye a bayanta, hannu a goye, yana cewa ta rage wuta. In an sauke, naman ya tafi keji. Su biyun kuma su zauna su ci waken gwangwani a kan gasasshen burodi, sai ranar Lahadi a ƙara ƙwai.

"Nama na mai gudu ne," haka yake cewa in ta yi magana.

"To ni da nake gudu tun asuba tsakanin keji da murhu fa?"

"Ke wa ya taɓa sa kuɗi a kanki, tsohuwa?"

Sai ya yi dariya shi kaɗai. Noeleen ba mai yawan magana ba ce. Ita ce mai tsayawa a ƙarshen fili ta kama karen bayan tsere, ita ce mai wanke keji, kuma tana da takardar izinin shigar da kare tsere kamar yadda yake da ita, abin da Merv ya daɗe da mantawa.

A shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka haɗu. Na farko, aka liƙa sanarwa cewa za a rufe filin tseren garin, kofin watan Maris shi ne na ƙarshe. Na biyu, ƙugun Merv ya ce ya gaji. Likita ya sa ranar aikin sauya masa ƙugu da na ƙarfe a birni, ya ce bayan aikin sai ya yi mako shida a gidan 'yarsu ana koya masa tafiya. Kare ɗaya ya rage musu a lokacin, wani baƙi mai suna Nugget, wanda yake tashi kamar harsashi, in an zo kwanar ƙarshe kuma sai ya tuna cewa duniya ba wurin gaggawa ba ce. Na huɗu yake zuwa, kamar an yi masa wasiyya.

Kafin ya tafi, Merv ya rubuta shafi biyu na yadda za a kula da Nugget ya manna a jikin firij. Game da wadda za ta kula da shi ɗin bai rubuta ko layi ɗaya ba.

Motar da ta ɗauke shi ba ta gama shan kwana ba Noeleen ta nufi kantin kayan dabbobi ta sayo buhu. Amma ita ta bi doka. Kwana goma cif tana haɗawa, yau kaɗan, gobe ta ƙara, a rana ta goma sha ɗaya ta wanke tukunyar nan tas, ta kife ta a bayan rumfa, ta zauna ta sha shayi da zafinsa, abin da ta manta rabonta da shi. Ko buhun ne ya yi aiki, ko hutun da kare ya samu daga surutun maigidansa, ni ban sani ba. Abin da na sani, Nugget ya shiga zagayen farko ya cinye. Mako ya zagayo ya sake cinyewa, da lokacin da babu karen da ya yi irinsa a filin a shekarar. Ya samu gurbi a tseren kofi.

Can birni kuwa da labari ya isa, Merv, wanda bai san an sauya abinci ba, ya hana kowa sakat. Ma'aikatan jinya, da mai koya masa tafiya, da surukinsa, babu wanda bai sha labarin tukunya ba. Shekara talatin da takwas, in ji shi, mutane suna yi masa dariya, yau ga shi mai haƙuri ya dafa dutse.

Ya dawo ranar Litinin da hantsi, saura kwana biyar kofi. Yana saukowa daga mota da sandarsa ya ɗaga hanci sama. Iska tsaf, babu warin komai. Bai shiga gida ba, ya ɗingisa ya zagaya baya, ya ga tukunya a kife gizo-gizo ya yi saƙa a hannunta, ga buhu a jingine an ci fiye da rabi.

"Noeleen! Mene ne wannan?"

"Abincin da ya ci tsere biyu ne."

"Kashin awaki kika ba karena?"

"Na ba shi, ya kuma gode. Sannu da zuwa, Mervyn. Ya ƙugun?"

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya haɗiye. Amma da la'asar ya leƙa mashaya don a yi masa barka, ya tarar da Clarrie Bostock, tsohon abokin hamayyarsa, wanda shi ma karensa yana cikin tseren kofin. Ashe duk gari an sani. Ina za a ɓoye, tunda mako biyar hancin kowa yana hutawa?

"A'a, ga mijin mai kare!" in ji Clarrie. "Zauna, mutumina, ka huta. Ai da mun san haka ne, da tun shekara talatin da suka wuce mun haɗa kuɗi an cire maka ƙugun nan."

Wurin ya kwashe da dariya. Wani daga can gefe ya ce in an ci kofin a rubuta sunan Noeleen a jiki, a ƙasa a sa sunan buhu. Merv ya yi yaƙe, ya bar giyarsa rabi ya fita.

A hanya ya auna abin, kuma a nan ne na fi jin haushinsa, domin ya fahimci komai sarai. In Nugget ya ci kofi da abincin buhu, to kofin zai zauna a kan kabad ɗinsa yana gaya masa kullum cewa shekara talatin da takwas shi ne matsalar, shi da tukunyar ubansa. Kofin da ya yi ta mafarki ga shi ya zo har ƙofa, amma ta hanyar da ba tasa ba. Girman kai rawanin tsiya. Ya biya wurin mahauci ya sayo nama, ya zo ya tayar da tukunya da kansa.

Noeleen ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana fere kabewa, karo na farko a aurensu.

"Dokarka fa? Kwana goma ka ce. Biyar suka rage."

"Wannan ba sauyi ba ne. Komawa gida ne."

"Cikin kare ya san haka?"

"Ke dai kawo mini zumar."

Ta kawo masa. Ta ƙara cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ya yi kamar bai ji ba. Don ya rama wa karen makonnin da aka zalunce shi, ya ninka kifin, ya zuba kitse. Nugget kuwa bai yi gardama ba, ya lashe kwano har yana tura shi jikin bango. Merv ya juyo yana kallon matarsa da murmushin wanda ya ci shari'a.

Ranar Laraba da safe keji ya ba da amsa. Ba sai na kwatanta muku ba, amma maƙwabta sun ce sun gwammace warin tukunya. Noeleen ta miƙa masa tiyon ruwa ta koma ciki. Alhamis haka, Juma'a haka. Merv ya ce dattin buhu ne yake fita, ya ƙara wa karen wani kwanon. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma ko a lokacin bai yarda idonsa a rufe yake ba.

A filin tsere kuwa akwai wata dokar da ba ta Merv ba. Kafin kare ya shiga akwati sai an ɗora shi a sikeli, in nauyinsa ya bambanta da na tserensa na baya da fiye da kilo ɗaya, ko sama ko ƙasa, an cire shi ke nan. Nugget ya yi tseren baya da kilo talatin da biyu daidai. Ranar Asabar da azahar, fili ya cika maƙil domin rana ce ta bankwana, Merv ya sa farar rigarsa mai guga, ya ƙwace igiya daga hannun Noeleen ya ja karen da kansa. Mai sikeli, Glenys, wadda ta fi shekara ashirin a kan kujerar nan, ta duba allo ta sake dubawa.

"Talatin da giram ɗari takwas, Merv. Ya rage kilo ɗaya da giram ɗari biyu."

"Sikelin nan ya tsufa. Sake aunawa."

Ta sake. Haka ya nuna.

"Haba Glenys, giram ɗari biyu fa! Ko tuffa ɗaya ta kai haka. Ranar ƙarshe ce, wa zai sani?"

"Layin nan gaba ɗaya zai sani. Kai da ka taɓa sa na cire karen Clarrie a kan giram ɗari?"

Clarrie yana bayansa a layi yana cin fanken nama. Ya miƙo ragowar. "Ungo, ba shi ya cika. Ko ka hau sikelin tare da shi, ai sabon ƙugun naka ƙarfe ne."

Wannan karon mutane kaɗan ne suka yi dariya, domin sun ga fuskar tsohon. Ni kaina da nake ba ku labarin nan da tsiya, na ji tausayinsa a lokacin. Ya tsaya riƙe da igiya, kare yana lasar hannunsa. Glenys ta ja layi a kan sunan Nugget, ta ce na baya ya matso.

Suka kalli tseren daga jikin shinge. Da zomon roba ya taso da ƙararsa, Nugget ya dinga kuka daga keji yana kartar ƙofa. Karen Clarrie ne ya ci, ɗan abincin buhu tun yana kwikwiyo, da gudun da bai kai wanda Nugget ya yi a makon da ya wuce ba. Kowa ya ga allon sakamako, Merv ma ya gani. A mota ya buɗe baki sau ɗaya ya ce dama sikelin nan tun bara yake ƙarya. Noeleen ta ci gaba da tuƙi.

Kafin rana ta faɗi ta dafa wa Nugget farar shinkafa don cikinsa ya lafa. Sannan ta buɗe firij, ta ciro naman da Merv ya sayo na tukunyar Litinin mai zuwa, ta zaɓi tsoka mai kauri ta soya da albasa. Ƙamshi ya cika gidan. Merv ya zauna a teburi ya gyara wuƙa da cokali, a ransa yana cewa ko ba komai yau za a ci nama. Ta ajiye farantin naman a gabanta. A gabansa kuma ta ajiye waken gwangwani a kan gasasshen burodi.

Ya dubi nasa, ya dubi nata. "Nawa naman fa?"

Noeleen ta yanki loma, ta tauna a hankali har ta haɗiye.

"Shekara talatin da takwas cikinka bai san shi ba, Mervyn. Ba a sauya wa tsohon kare abinci farat ɗaya."