Sannu-Sannu da Talabijin Ta Bango

Yaran makaranta ne suka raɗa masa Sannu-Sannu, sunan kuma ya bi shi har gida, har ta kai ko matarsa idan tana ba da labarinsa a bayan idonsa da shi take kiransa. Direban bas ɗin wata makarantar firamare ne, yana kwaso yara da safe ya mayar da su da rana. Bai taɓa gudu da motar nan ba. Ko an makara, ko yaran sun cika masa kunne da "Baba ka taka ta mana", abin da yake cewa bai wuce, "Ni 'ya'yan mutane na ɗauko."

Da wankin mota ya fara a tasha, tun yana ɗan ƙanƙani. Daga nan ya zama karen mota, ya ja gingimari shekara da shekaru, ya dawo tasi, sai da bayansa ya fara yi masa ƙorafi sannan ya nemi aikin makaranta. A duk tsawon wannan zamani ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Ba shi da gidan kansa, ba shi da wani abu a ajiye. Abin da yake tinƙaho da shi ido ne. A da yakan karanta lambar mota tun tana can nesa, abokansa su yi ta musu har ta iso su ga gaskiyarsa.

To idon nan ne ya fara tafiya, a hankali, kamar mai shi.

Kowa a gidan ya lura. Shi kuwa sai ya shiga neman masu laifi, kuma ya same su da yawa. Masu buga jarida sun ƙanƙance rubutu don tsumulmular takarda. Ƙwan fitilar falo na yanzu ba shi da auki. Gilashin bas ya dafe, don haka kullum da sassafe yana kansa da tsumma da ruwan sabulu, yana goga, har mai gadin makaranta ya fara tsokanarsa cewa wata rana zai huda shi.

Ran nan da safe ya wuce wata yarinya. Tana tsaye a bakin titi inda ta saba tsayawa, da jakarta a baya, tana ɗaga hannu, ya zo ya shige ta kamar babu kowa a wurin. Sai da malamar da ke raka yara a motar ta taɓa masa kafaɗa ta ce, "Baba, ka bar mana mutum ɗaya a baya." Ya ce bishiya ce ta kare ta. Babu bishiya a wurin, malamar ta sani, shi ma ya sani. Da ya juya kan motar sai wani tunani ya faɗo masa: wanda bai ga yarinya a gefen titi ba, ba zai gan ta a tsakiyar titi ba. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ko a zamanin gingimari. Idan laifin ido ne, sai ya ajiye makulli, shi kuwa in ka cire makullin mota daga aljihunsa bai san me ya rage ba.

Sai ya tattara dukkan laifin ya ɗora wa talabijin.

Tsohuwa ce, irin mai ƙeyar nan, tana kan wani teburi a kusurwar falo tun Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana rarrafe. Yanzu Auta ta girma har tana aiki a wani shagon magani. Da yamma idan ya dawo yakan zauna ya kalli labarai, ranar wasa ya kalli ƙwallo. Ya fara cewa fuskokin mutane sun narke. Ya daki gefenta, ya murɗa eriya, ya daki ɗaya gefen.

"Malam, ni fa ina gani sarai," in ji matarsa.

"Ke ai ba ki san garau ba. Kin saba da dishi-dishi shi ya sa."

"Da dai ka daure mun je an duba idon nan."

"Talabijin ta tsufa, ni za a kai asibiti? Ita za a kai."

Ta tashi ta ci gaba da aikinta. Mace ce da ta yi zaman jiransa tun yana tafiyar mako da mako a kan hanya, ta san inda magana ke shigarsa da inda take dawowa. Shi kuwa a ransa ya riga ya yanke hukunci, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Zai sayi ta bango, irin siririyar nan da ake cewa ko gashin gira ana gani. Idan ta fito masa garau, magana ta ƙare, idonsa lafiya lau, ranar Litinin zai tada motarsa da kwanciyar rai. Sauran rabin maganar bai yarda ya ƙarasa ta ba ko a zuci.

Ranar Asabar da hantsi suka tafi shi da matarsa. Shagon dogo ne, bango guda cike da talabijin tun daga ƙasa har rufi, manya da ƙanana, duk suna nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya: ruwa na zubowa daga kan dutse, sai furanni, sai wani tsuntsu mai jan ƙirji. Mai shagon wani kakkauran mutum ne mai bakin ciniki, ya tare su tun daga ƙofa.

"Sannu da zuwa Baba, sannu Mama. Inci nawa ake so? Falon babba ne ko madaidaici? Don idan kujera tana kusa da bango, babba sosai gajiyar da ido take yi. Taga kuma kada ta fuskance ta, haske zai riƙa dawowa."

Sannu-Sannu ya goya hannu a baya, ya shiga yi wa talabijin tambayoyin da ake yi wa mota. Tana shan wuta? Ana samun kayan gyaranta? Sabuwa ce fil, ko an taɓa buɗe mata ciki? Mai shago ya amsa duka yana dariya, ya ce tun da ya buɗe shagon ba a taɓa tambayarsa ko talabijin tana zafi a doguwar tafiya ba sai yau.

"Ni mai garau nake so," in ji Sannu-Sannu. "Ba ruwana da ado."

"Ai duk nan eci-di ne, Baba, masu fito da hoto tas. Wannan da kake gani, ko ƙurji ne a fuskar mai karanta labarai sai ka gan shi."

Ya tsaya gaban ta farko ya ƙura ido. Kore, shuɗi, wani abu fari yana motsi. Ya matsa gaba. Ta biyu ma haka, sai dai ta fi haske. Ya ce wannan ba ta kai ba. Mai shago ya kai shi gaban wadda ta fi, sannan wadda ta fi wadda ta fi, yana lissafo sunaye da lambobi. Sannu-Sannu yana bin bangon nan ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin shagon, kowacce ya ce da saura. Da suka iso ta ƙarshe, babba wadda ake ji da ita, ya ga ya kamata ya faɗi wani abu don kada a raina shi. Ya nuna allon da yatsa.

"To, wannan da dama-dama. Ga jar fulawar nan ta ɗan fito."

A lokacin tsuntsun ne ya cika allon, yana juya kai, ana ganin kowane gashi na ƙirjinsa.

Mai shago ya buɗe baki, sai ya dubi matar. Ta ɗan girgiza masa kai, kaɗan ƙwarai, idonta a ƙasa. Mutumin ya haɗiye abin da ya yi niyyar faɗa, ya sosa ƙeya. Ko tausayi ne ya kama shi, ko tsoron kada ciniki ya kuɓuce, Allah ne masani, wataƙila duka biyun ne.

"Baba, ka san fa sabuwa da leda take zuwa a fuska, ta kariya. Sai an kai gida an ɓare ta sannan ake ganin ainihin garau ɗin."

"Leda?"

"Siririya ce, ba a ma lura da ita."

Fuskar Sannu-Sannu ta washe. Ya juya wajen matarsa kamar wanda aka wanke a kotu. "Kin ji ko? Leda ce. Ni na san akwai wani abu." Bai ƙara duba ko ɗaya ba. Ya zaɓi madaidaiciya wadda za ta dace da falonsu, aka fito da ita a kwali, aka ce mai ɗaurawa zai biyo su da ita bayan azahar.

A hanyar komawa yana ta zuba, har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da matarsa ta manta rabon da ta ji. Ya ce da ma ya faɗa, kayan zamani sai wanda ya sani. Ita dai tana amsawa da "haka ne". Farin cikinsa ya fi yi mata ciwo a kan duk faɗan da ya yi a watannin nan, don ta san na aro ne.

Mai ɗaurawa ya zo, ya huda bango, ya ɗaura, ya haɗa wayoyi ya tafi. Sannu-Sannu ya ce ba wanda zai ɗaga tsohuwar sai shi. Ya rungume ta yana nishi ya yi ɗakin ajiya da ita, ya daɗe a can yana neman mata wuri.

Matar nan a rayuwarta ba ta taɓa ɓare leda daga jikin sabon abu ba. Rimot ɗin tsohuwar talabijin har yau a cikin ledarsa yake, haka agogon bango, haka hannun firji. Amma da ta ga ya fita, sai ta miƙe da sauri ta kama gefen ledar ta ja, ta sauko gaba ɗaya, ta dunƙule ta a hannu. Ta san abin da ta sani, duk da haka ita ma ta sa rai. Tana so ya shigo ya tarar da allon tas, ko Allah zai sa.

Ya dawo yana karkaɗe riga, ya zauna a kujerarsa. Auta, wadda ta dawo daga aiki ba da jimawa ba, ta danna rimot. Labarai ake yi. Hoton ya fito tamkar matar da ke karantawa tana zaune a falon tare da su. Auta ta fara cewa "Kai", sai ta dubi babanta.

Ya sunkuyo gaba. Ya kanne ido ɗaya, ya buɗe, ya kanne ɗayan.

"To, yanzu a ɓare ledar."

Ba wanda ya motsa.

"Auta, da ke nake."

Auta ta dubi mahaifiyarta. Da ya ji shiru sai ya tashi da kansa, yana mitar cewa komai na gidan nan sai shi. Ya lalubi kusurwar allon ta sama ya sa farce. Bai samu bakin ledar ba. Ya koma ɗaya kusurwar, ya sauko ƙasa, ya bi gefen da yatsa a hankali. Ba abin da ake ji sai muryar mai labarai da ƙarar farcensa a kan gilashi.

"Baba, za ka karce ta."

"Sun manna ta da kyau ne. Miƙo mini reza."

"Malam," in ji matarsa. Ta matse abin da ke hannunta ya yi ƙara. "Ga ta nan. Tun kana ɗakin ajiya na cire."

Ya juyo. Tana zaune a gabansa, ledar tana kan cinyarta tana ɗaukar ido, amma sai da ta sake matse ta sannan ya san inda zai miƙa hannu. Ta sa masa ita a tafi. Ya murza ta da yatsu, ya warware ta, ya ji faɗinta daidai da faɗin allon.

"Auta, me kike gani?"

"Mace ce, Baba, tana karanta labarai."

"Sai me?"

"Ta sa shuɗin mayafi. Da ɗan kunne ƙarami. Akwai wani ɗan tabo a gefen hancinta."

"Garau?"

Auta ta share ido da bayan hannu. "Garau, Baba."

Ya koma ya zauna. Ya shiga ninke ledar nan gida-gida a kan gwiwarsa kamar wani abu mai amfani. Matarsa ta yi zaton zai yi faɗa, ta ma fi son ya yi. Bai yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin bas, ya juya shi a tafinsa, ya ɗora a hannun kujera.

"Auta, ki kira shugabar makaranta. Ki ce ranar Litinin ta nemi wanda zai ɗauko yara. Ki ce wa wanda za a ba, birkin yana so a taka shi tun da wuri."

"In ta tambaye ni dalili fa?"

"Ki ce ba na gani."

Tun da abin ya fara, wannan ne karo na farko da kalmar ta fito daga bakinsa, kuma ta fito a sauƙaƙe, ba ko rawar murya. Auta ta ɗauki wayarta da makullin ta fita. Matarsa ta jawo rimot.

"In kashe?"

"A'a, ki kalla. Ai an riga an ɗaura." Ya jingina da kujera, ya ɗan karkata kai ya ba allon kunne. "Ki dai ƙaro mini sautin."