Ranar da Muka Kai Gawar Ishaya Gida

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai gawar Ishaya ƙasar Zuru ba, kuma tunda ku sababbi ne a aikin nan, gara ku ji labarin daga bakin wanda yake wurin.

A lokacin ni ne mai kula da ƙaramar tawaga a wani kamfani da aka ba kwangilar gyaran famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyukan Sabon Birni da Isa. Injiniya yana ofis a Sakkwato, ni ke fita daji da makaniki da direba. Makanikinmu shi ne Ishaya, Kirista ɗan ƙasar Zuru, gajere mai ƙarfin hannu, wanda ba ya yawan magana. Mun daɗe muna aiki tare. In na tsaya salla shi ke gadin kaya, ranar Lahadi kuma ba na sa shi aiki.

Cikin bazara ne, shekarar da mutanen ƙauyukan daji suka gudo saboda 'yan bindiga suka cika garuruwan da ke da ɗan tsaro. Aka tura mu wani ƙauye kusa da Tsamaye. Famfonsu ya lalace, jama'a sun ninka, sai suka koma wa wata tsohuwar rijiya mai zurfi da laka ta cike. Ranar da muka isa suna yasarta. Yasa ita ce mutum ya sauka ƙasan rijiya ya riƙa cika guga da laka ana janyewa. Don aikin ya yi sauri, sun aro injin jan ruwa mai aiki da fetur, suka zura shi ciki. Ba su san hayaƙin inji ba ya fitowa daga rami ba. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya kori iskar da mutum zai shaƙa.

Muna aikin kwance kan famfo da hantsi sai muka ji ihun mata. Ishaya ya riga ni isa. Mai yasar, wani manomi da ake kira Mamman, ya faɗi a ƙasan rijiyar, ana kiransa ba ya amsawa. An kashe injin, amma hayaƙi na nan. Igiya mai ƙwari ɗaya ce, wadda ake jan guga da ita. Sauran duk rubabbu ne.

Na ce, "Ishaya, dakata a kori hayaƙin tukuna."

Ya ce, "Malam Garba, kafin nan ya mutu." Yana faɗa yana ɗaura igiyar a ƙugunsa.

Ya jiƙa rigarsa ya toshe hanci, muka zura shi. Bayan ɗan lokaci aka girgiza igiya, muka ja. Da nauyin ya iso baki sai muka ga Mamman ne ɗaure a jiki, shi kaɗai. Ishaya ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura masa. Muka mayar da ita da sauri, muna kiran sunansa. Babu wanda ya kama ta.

Wani saurayi ya yunƙura zai shiga, na riƙe shi da ƙarfi. Muka ɗaure rassan dogon yaro muna zurawa muna ja don iska ta motsa, muna gwadawa da fitilar kananzir. In ta mutu a hanya, iskar ba ta gyaru ba. Sai da ta isa ƙasa da wutarta sannan na sauka da kaina. Na same shi zaune, ya jingina da bangon rijiyar kamar mai hutawa.

Ƙa'idar aiki ita ce a sanar da 'yan sanda, likita ya duba gawa, sannan mai kula da tawaga ya raka ta har hannun dangi. Limamin ƙauyen ya ce ba za a yi wa Ishaya sallar gawa ba tunda ba Musulmi ba ne, amma shi ya kawo farin yadi daga ɗakinsa aka rufe shi. Mamman ya farfaɗo a asibitin Sabon Birni. Washegari da safe za mu kama hanya, don ba a bin ta in rana ta yi sanyi saboda 'yan bindiga, sai ga shi a bakin mota, idanunsa jawur, yana tangaɗi.

"Za ni bi ku," in ji shi.

Na ce, "Ba ka da lafiya. Kuma mutanen can ba su san ka ba, suna cikin zafin rai."

"Ko duka na za su yi, sai na je. Mi za ni gaya ma ɗiyana in ban raka shi ba?"

A bayan motar ya zauna, kusa da gawar, har muka isa.

An karɓe mu da mutunci, an ba mu ruwa da wurin salla. Kashegari aka taru a majami'ar ƙauyen, mu muka zauna a benci na baya. Bayan waƙoƙi da addu'a, yayan Ishaya, wani dattijon majami'a mai suna Bulus, ya miƙe. Ya ce ƙanensa bai yi wani sabon abu ba, koyi ya yi da Ubangijinsa Yesu, wanda ya ba da ransa fansa domin mutane duka, har da waɗanda ba su gaskata shi ba. Sannan ya nuno bencinmu.

"Ga wanda aka mutu dominsa sau biyu," in ji shi. "Ba mu ce ya bar addininsa ba. Ya tashi kawai ya gode wa wanda ya fara mutuwa dominsa, wanda ya koya wa Ishaya abin da ya yi."

Kowa ya juyo. Na dafa gwiwar Mamman don ya zauna, ni in yi magana da sunan kamfani, amma ya riga ya tashi.

Ya ce, "Baba, wanda ya shigo rami ya ɗaura mini igiya, na ji hannunsa a jikina. Shi nike wa godiya, da ku da kuka haife shi, har ranar da za a binne ni. Annabi Isa kuwa, mu Annabin Allah muka san shi, muna girmama shi, amma ba mu yarda an kashe shi ba. In na ce na gode, ƙarya na yi maka a gaban gawar ƙanenka. Ban iyawa."

Bulus ya mayar masa da martani.

"To me ya sa shi shiga ramin? Albashi ne? Mutanen garinku nawa ne suka tsaya a bakin rijiyar nan? Ka ci amfanin abu, ka ƙi tushensa."

Mamman ya sunkuyar da kai. Ni ma ban san abin da ke cikin zuciyar Ishaya a lokacin ba. Na ji wasu samari a bakin ƙofa sun fara gunaguni, na shiga tunanin yadda za mu kai ga mota.

Sai matar Ishaya, Rahila, ta yi magana daga inda take zaune cikin mata, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, bar shi. Godiyar da aka matsa wa mutum ya yi, me za ta yi wa Yesu? Me za ta yi mini?" Ta dubi Mamman. "Kai, ya yi magana a ciki?"

Mamman ya ce, "Sama-sama nike ji. Ya ce in ɗaga hannuwana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sannan ta ce, "Zauna." Aka ci gaba da jana'iza. Bulus bai yi mana sallama ba da za mu tafi.

Mamman bai koma daidai ba. Ciwon kai da mantuwa suka kama shi, bai sake shiga rijiya ba. Da kaka ya ba ni gero in kai wa Rahila da yaranta. Na kai, ta karɓa, ba ta aiko da wani saƙo ba. Daga baya 'yan bindiga suka tayar da ƙauyen nasu. Aka ce mini an ga Mamman da iyalinsa sun bi ta Burkusuma sun tsallaka Nijar, ban sake jin labarinsa ba. Rijiyar na nan, babu mai sha.

Na haɗu da Bulus sau ɗaya bayan haka, a tashar mota. Ya gaishe ni, ya tambayi Mamman. Na gaya masa. Ya ce har yanzu yana ganin gaskiya ya faɗa ranar nan, sai dai bai kamata ya faɗe ta a wurin ba. Na ce masa ni ma har yanzu ina ganin Mamman bai yi laifi ba. Muka rabu a haka, kowa da abin da ya riƙe.

Abin da nake so ku ɗauka a nan ba mai yawa ba ne. Kada inji ya shiga rijiya. Fitila ta riga mutum sauka. Mai ceto ya tafi da igiyarsa daban, wadda ba zai kwance wa kowa ba. Kuma za ku yi aiki da mutanen da ba addininku ɗaya ba, a wuraren da ran wani ke hannun wani. Ba dole ne ka yarda da abin da abokin aikinka ya yarda da shi ba kafin ka riƙe masa igiya da gaskiya. In ya rasu kuma, kai za a tura ka tsaya a gaban matarsa, kuma babu ofishin da zai koya maka abin da za ka ce mata.