Hannun da ke Bayan Asabari

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a unguwar Hayyus Sabi' ta Alƙahira ya san Malam Hadi mai wankin hula. Karatun Azhar ne ya kawo shi daga Gusau tun gemunsa bai fito ba, karatun ya yi gaba ya bar shi da dutsen guga, ga gemun nan yau ya yi furfura. Mutum ne mai fara'a, sai dai ba ya cin abincin da bai ga fuskar wanda ya dafa ba.

Asalin abin yayansa ne, Nata'ala. Suna samari aka aiko da ƙwaryar fura gidansu, aka ce daga maƙwabta, ba wanda ya tambayi waɗanne maƙwabtan. Nata'ala ya sha, kafin la'asar ya fara riƙe ciki, washegari aka kai shi makwancinsa. Likita ya ce hanji ne ya murɗe. Hadi ya ce sammu ne, kuma har gobe a nan ya tsaya. A wajen walima shi ne mai doguwar addu'a da busasshen baki. A gida kuwa matarsa Kulu ta saba, ta ajiye tuwo, ta ɗanɗana miyar a gabansa, ta juya masa cokalin, sannan ya yi bismilla.

Kwatsam sai 'yarsu Fauziyya, haifaffiyar Alƙahira, ta samu aikin girki a wani gidan taliyar Japan da ke unguwar Ma'adi, irin wadda ake ce wa ramen, inda mutane ke bin layi har bakin titi. Malam Hadi ya ce 'yarsa ba za ta yi girki a inda shi ba zai iya cin abinci ba. Ya faɗa ne don a rufe maganar, ita kuwa ta kama shi da bakinsa. Ta ce ya zo ya ci, in kwanon ya dawo da saura, ranar za ta ajiye aikin. Kulu ta ce ita ce shaida. Shi kuma ya ga yadda yarinyar ke waƙa tana wanke-wanke tun da ta fara aikin nan, ba ya son a ce shi ya kashe waƙar.

Ranar Asabar bayan azahar ya kafa hularsa mafi kyau, ya karance azkar ɗin safe da na yamma gaba ɗaya a cikin jirgin ƙasa na metro. Ya zaci zai tarar da tebura, ya hango 'yarsa kan tukunya. Sai aka kai shi wani ɗan akurki kamar na kaɗa ƙuri'a, katako dama, katako hagu, asabari a gabansa. Na kusa da shi yana zuƙar taliya kamar famfon da ruwa ya ɗauke.

Asabarin ya ɗaga kamar taƙi ɗaya. Hannuwan namiji, masu gashi, da agogo, suka turo kwano. Asabarin ya sauka. Ba fuska, ba suna.

Malam Hadi ya leƙa kwanon. Romo ne mai kauri, ga wani baƙin ganye kamar ƙonanniyar takarda, ga rabin ƙwai ya zuba masa ido. Ƙamshi kam akwai shi, amma furar nan ma ƙamshi take. Ya ga ƙwaryar, ya ga faifan da aka rufe ta da shi, ya ga Nata'ala yana goge baki da bayan hannu. Ya ƙwanƙwasa katakon, ya tambaya da Larabci wa ya dafa. Wata murya ta ce masa daga kicin ne ya Hajji, a ci lafiya. Ya shiga lissafo maƙiyansa, har da ɗalibin Katsinan nan da ya ƙona wa hula bara. Ya duba inda zai juye abincin, babu, har ya ɗan taɓa hular tasa. Gumi na bin bayansa, taliya na kumbura, ya miƙe rabi, ya tuna waƙar wanke-wanke, ya koma ya zauna.

Asabarin ya sake ɗagawa. Wannan karon siririn hannu ne, da tabo mai kusurwa uku a wuyansa. Ya san tabon, bakin dutsen gugarsa ne, tun Fauziyya tana rarrafe. Hannun ya ɗauki cokali, ya ɗebi romo, ya koma ciki. Ya ji an kurɓa. Cokalin ya dawo, an juyo masa da mariƙin.

"Ya huce, Baba. Yalla, yi sauri kafin shugabanmu ya gan ni."

"Ke kika dafa?"

"Romon wani ne ya ɗora tun asuba. Ni zubawa na yi."

"Wane wani?"

Asabarin ya sauka.

Ya kalli cokalin. In da wani abu a kwanon nan, ya riga ya shiga cikin Fauziyya, kuma saboda shi. Ya ture tsinkaye biyu na cin taliya da aka ba shi, ya ɗaga kwanon da hannu bibbiyu. Ko ma mene ne, kaso mafi tsoka nasa ne. Ya shanye romon, ya bi taliyar da yatsu, ya haɗiye ƙwan, ya tauna ƙonanniyar takardar ma, idonsa a rufe.

Bai koma gida ba. Ya zauna a kan dakali tsallaken titi, hannu ɗaya a ciki, ido a ƙofa, duk motsin da hanjinsa ya yi sai ya yi kalmar shahada. Magariba ma a nan ya yi ta, sama-sama.

Da Fauziyya ta fito, ta ce an nuna mata kwanon, kamar an wanke. Ta tambaye shi ya ya ji abincin. Ya ce babu daddawa, ya taɓa goshinta, ya tambaye ta ko cikinta na murɗawa. Ta ce lafiyarta ƙalau, gobe da sassafe take da aiki. Ya ce ta je, khalas, magana ta ƙare. Kafin su kai tashar metro ya sake tambayarta cikin nata.